Gurbin Keke Ɗaya

Yayata ta haura shekara hamsin, tana da miji, tana da sana'a, ba ta taɓa ɗaukar ko allurar wani ba, amma kullum da safe sai ta ɓuya a bayan allon talla kamar wadda ake nema ruwa a jallo. Ni ce mai ɓoye ta. Ni ce autar gidanmu, kuma tunda ƙafafuna suna tafiya, aikin a kaina ya faɗo.

Ga yadda abin yake. Yaya ba ta taka ƙasa, shan inna ya same ta tun tana rarrafe, a keken guragu take yawonta. Motocin bas na layinmu kuwa kowace da hoton keken guragu a goshinta, shuɗi da fari, a goge yana ƙyalli. A ƙofar tsakiya akwai wani faifan ƙarfe a naɗe, mu gada muke ce masa. Idan mai keke zai shiga, dole direba ya ja birki, ya sauko daga kujerarsa, ya zagayo ya buɗe gadar da hannu, ya jira a hau, ya ɗaure keken da bel, ya naɗe gada, sannan ya koma. A ƙarshen layi kuma akwai mai duba lokaci yana jiransa, fuska a murtuke. To direban da ya hango keke a tasha tun daga nesa, nan take wuyansa ke sagewa. Sai ya ƙura wa kwalta ido, ya taka mai, ya wuce kamar tashar babu kowa.

Shi ya sa muka koyi ɓuya. A jikin rumfar tasharmu akwai wani dogon allon talla mai hoton wata mata, ta washe baki tana riƙe da man goge haƙori. Yaya sai ta tura kekenta bayansa ta lafe. Ni kuma in tsaya a bakin titi da jakata, in ɗaga hannu, in yi kalar wadda ba ta san kowa ba a duniya. Bas ta tsaya, ƙofa ta buɗe, in ɗora ƙafa ɗaya a matakala, ban shiga ba ban fita ba, in ƙwala kira, "Yaya!" Sai ga ta ta ɓullo. A nan za ka ga fuskar direba ta koma kamar ta wanda ya tauna tsakuwa a cikin shinkafa. Wani ya yi tsaki, wani ya ce mun yaudare shi. Wai mun yaudare shi! Kamar ba aikin da aka ɗauke shi ya yi ke nan ba. Idan an ɗaure kekenta sai in sauka, in wuce shagon wanki da guga inda nake aiki, raina a ɓace tun rana ba ta yi zafi ba.

Kada wani ya ce zai ji tausayin Yaya, don idan ta ji labari sai ta wanke shi tas. Mamanmu ta goya ta zuwa makaranta har sai da ƙafafunta suka fara jan ƙasa, kuma tun lokacin bakinta bai taɓa mutuwa ba. Gyaran tabarau take yi, a wani shagon gilashin ido da ke tsakiyar gari. Teburinta na can kusa da taga, an ɗora shi a kan bulo don kekenta ya shige ƙarƙashi. Kusoshin da take aiki da su ba su fi kan tururuwa ba, tana tara su a wani faranti mai maganaɗisu don kada su gudu. Ta gasa hannun tabarau a bakin wata 'yar na'ura mai hura iska mai zafi, ta lanƙwasa shi, ta ɗora maka a fuska, sai ka rantse da shi aka haife ka. Mutum ya zo yana rantse-rantse wai tabarau ɗinsa faɗuwa ya yi, ta juya shi a hannu ta ce, "Baba, wannan bai faɗi ba, zama ka yi a kansa. Kuma ba sau ɗaya ba." Masu shagon sun sha canzawa, ita tana nan a bakin tagarta.

A bayan allon nan ta haɗu da mijinta. Wata safiya muka iso muka tarar wani ƙato ya riga mu, ya cika maɓoyar da kekensa da faffaɗar kafaɗarsa, ga kan fanka a cinyarsa. A bakin titi kuma wani dattijo maƙwabcinsa yana yi masa irin aikina.

"Malam, nan wurina ne," in ji Yaya.

"Ban ga sunanki a jiki ba," ya ce. "Wannan mai haƙoran kaɗai na tarar, kuma ba ta kore ni ba."

"To idan bas ta zo ni zan shiga. Ka san gurbi ɗaya ne."

"Na sani, baiwar Allah. Shi ya sa na yi sammako."

Suna cikin cacar baki, kowa ya turo keke waje yana nuna ɗan'uwansa da yatsa, bas ta iso. Direba ya hango kekuna har biyu, ai ko rage gudu bai yi ba. Sai suka manta da faɗansu, suka haɗu suka bi shi da zagi har ya sha kwana. Daga zagin direba aka koma gaisuwa. Daga gaisuwa sai ga shi a shagonsu da wani tabarau da babu abin da ya same shi, wai ta duba masa.

Mai Fanka ake kiransa, ita kuma Injiniya take ce masa idan tana son tsokana, wato kullum. Da can mai aikin wutar lantarki ne, ya faɗo daga tsani, ƙashin bayansa ya taɓu. Da ya tashi daga jinya sai ya kama wani ɗan shago a ƙarƙashin bene yana naɗin wayar fanka da gyaran dutsen guga. Shagon cike yake da warin man inji da ƙonanniyar waya, fankoki a rataye ko'ina, duk wanda ya wuce sai ya tsaya shan iska kyauta. Hannunsa ɗaya ya kai cinyata kauri. Daga gado zuwa keke, daga keke zuwa banɗaki, cak yake ɗaga kansa, bai taɓa cewa wani ya kama masa ba. Ni kuma ba ya gajiya da tsokanata, wai da a ce allon tallan nan yana biyan masu gadi, da tuni na yi gida.

Tun da suka yi aure ba su taɓa zama a bas ɗaya ba. Ku sake ji da kyau, miji da mata, gida ɗaya, gado ɗaya, ba su taɓa shiga mota ɗaya ba. Gurbin keke ɗaya ne a kowace bas, kuma ko da motar wayam take, daga direba sai ƙudaje, doka ta ce keke ɗaya. Ranar da suka je zaɓen katifarsu, shi ya fara tafiya, ya zauna a tashar kasuwa yana jiranta har rana ta take. Ranar da aka kwantar da Mamanmu a asibiti, haka. Suna mayar da abin wasa, wai shi ne maganin zaman lafiyarsu, tunda ba sa samun damar yin faɗa a hanya. Ni ban taɓa ganin abin dariya a ciki ba. Duk wanda ya zana motar nan, a ransa mai keke ba shi da mata, ba shi da aboki irinsa, shi kaɗai ya faɗo daga sama.

Kafaɗar Mai Fanka ma a bas ta lalace. Wani direba ya tsaya nesa da dakalin titi, ya ƙi matsowa, ya saki gada a kan kwalta, ta yi tsaye kamar tsani. Mai Fanka ya taso da ƙarfi zai hau, keken ya ɗaga gaba zai kifa da shi ta baya, ya wurga hannun dama ya cafke ƙarfen ƙofa. Duk nauyinsa da na keken suka rataya a kafaɗa ɗaya. Ya ce ya ji abu ya yi ɓas a ciki kamar an tsinke igiya. Direban abin da ya ce kawai shi ne, "Ka yi a hankali mana."

Likita ya duba hoto ya ce jijiyar da ke ɗaga hannu ce ta tsinke, kuma dole a ɗinke ta da wuri, don idan aka bar ta za ta janye ta ƙanƙance, a nemi abin ɗinkewa a rasa. Ga mai ƙafa, wannan ciwon kafaɗa ne. Ga Mai Fanka kuwa hannun nan shi ne ƙafarsa, shi ne sana'arsa, shi ne abin da ke kai shi banɗaki ba tare da ya kira kowa ba. Idan ya tura keke da hagu kaɗai, sai keken ya riƙa zagaye wuri ɗaya. Yaya ta ɗaura wani tsohon bel a bayan kekenta, ya riƙe da hannun hagu, ta riƙa jan sa daga ɗaki zuwa tsakar gida tana haki tana cewa, "Injiniya, ka rage cin abinci ko in sauke ka a hanya." Yana dariya, amma na sha ganin sa yana kallon hannun a kan cinyarsa idan yana zaton babu mai ganin sa.

Likitan da ke irin wannan ɗinki ba a asibitinmu yake zaune ba, zuwa yake yi jefi-jefi, ya yi wa waɗanda aka tara masa aiki ya koma. Da ƙyar aka sa Mai Fanka a cikinsu. Aka ce ya zo da safe, kada ya ci kada ya sha tun daren jiya, kuma kada ya makara.

Yaya ba ta yarda ta dogara da bas ba. Akwai wata ƙaramar mota ta musamman da ake yi wa masu keke tanadi, mai injin ɗaga keke a baya, sai dai dole ka kira tun da sauran kwanaki ka kama wuri. Ta kira ta kama. Ta sake kira ta tabbatar. Ta kuma kira, har matar da ke ɗaukar wayar ta gane muryarta ta ce, "Hajiya, ki kwantar da hankalinki, motarku na nan." Ita ma motar keke ɗaya take ɗauka, da ɗan rakiya ɗaya mai ƙafa. Saboda haka muka shirya ni in bi shi, Yaya ta biyo mu a bas da jakar kayansa da abincin da zai ci idan ya farfaɗo.

Ranar muka fito ƙofar gida tun gari bai gama wayewa ba. Mai Fanka ya sa farar rigarsa, ya yi aski, sai ka ce wanda za shi ɗaukar hoto. Muka jira. Masu shara suka wuce, 'yan makaranta suka wuce, shagon kusa da mu ya buɗe, babu mota. Na karɓi wayar Yaya, tunda da lambarta aka kama wurin, na kira. Kiɗa suka sa mini, wani sanyayyen kiɗa mai sa mutum ya ji kamar ya rotsa wayar da ƙasa. Can matar ta ɗauka.

"Ayya, ku yi haƙuri, motar tana gareji. Za mu iya sa ku a wani satin."

"Wani satin? Tiyata za a yi masa yau! Me ya hana ku kira mu tun jiya?"

"Ai ni ba ni ce mai kula da gareji ba," ta ce, ta ajiye wayarta.

Na tsayar da tasi. Direban ya leƙo ya ga keken da ba ya naɗewa, ya ga mutumin da sai an ɗaga shi, ya girgiza kai ya ja motarsa. Mai tasi na biyu ya yarda, Allah ya saka masa, har ya fito ya kama Mai Fanka ta hammata. Ƙarar da Mai Fanka ya saki ban taɓa jin irinta a bakinsa ba. Mai tasin ya sake shi yana ba da haƙuri. Babu abin da ya rage sai bas.

Allon mutum ɗaya yake ɓoyewa. Muka cusa Mai Fanka a bayansa, Yaya ta koma can bayan kiyos ɗin mai jarida, ni na tsaya a inda na saba. Bas ta farko ta tsaya, na sa ƙafa, na leƙa, sai ga wani ƙaton kwalin firji zaune daram a gurbin keke, an ma ɗaure shi da bel ɗin. Na ce wa direba a matsar da shi. Ya ce mai kayan ya riga mu shiga, mu jira ta baya. Kwali ya samu wurin zama, har da ɗamara, mutum bai samu ba.

Ta biyu ko tsayawa ba ta yi ba. Direban ya rage gudu, ya dube ni ido cikin ido, ya yi wani ɗan murmushi, ya taka mai. A nan na gane ashe sun daɗe da haddace fuskata, sun san duk inda na tsaya akwai keke a bayan allo. Rana ta ɗaga, rigata ta jiƙe da gumi. Na leƙa bayan allon na ga Mai Fanka ya jingina kansa da ƙarfen, leɓɓansa sun bushe.

Ta uku dole ta tsaya, don akwai masu sauka. Na dasa ƙafata a matakala, na kira shi. Direban wani siriri ne mai tsinken sakace a baki. Ko juyowa bai yi ba ya ce, "Gada ta lalace."

"Sauko ka gwada mu gani."

"Na ce miki ta lalace. Cire ƙafarki, ina da mutane."

Ban ga lokacin da Yaya ta baro bayan kiyos ba. Sai dai na ji ƙarar tayoyinta sun dira daga dakali zuwa kwalta. Ta zagaya gaban bas ɗin, ta juya keken ta fuskanci gilashin direba, ta ja birkinta na dama, ta ja na hagu, ta harɗe hannuwa a ƙirji. Jakar kayan asibiti na rataye a bayanta.

Direba ya danna hon. Motocin baya suka ɗauka. Ya leƙo ta taga yana ihu, "Ke! Kin haukace ne? So kike ki ja mini masifa?"

"Buɗe gada," in ji Yaya. Ba ta ɗaga murya ba.

Fasinjoji suka fara. Wani mai kwat ya leƙo ya ce, "Haba baiwar Allah, mu ma fa muna da uzuri." Wata mata ta ce, "Ki ji tsoron Allah, da 'ya'yanmu a ciki." Wani daga baya ya ce ai irinsu haka suke, a taimake su su hau kan mutane. Wannan maganar har yau ban manta da ita ba. Wa ya taimake su? Da me?

Yaya ta dubi mai kwat ta ce, "Malam, kullum kana cikin motar nan idan tana wuce ni. Na san fuskarka, kujerar taga kake zama. Ka taɓa cewa direba ya tsaya? Yau ka ɗanɗana jira, ba ya kisa. Mijina ake jira a ɗakin tiyata."

Direba ya kashe mota, ya ɗauko waya ya kira 'yan sanda, ya miƙe ƙafa yana sakace. Ya fi son ya zauna a nan har rana ta faɗi da ya sauko ya sunkuya. Ni kuma ina tsaye da ƙafa ɗaya a matakala, ina jin lokaci yana zubewa, ina roƙonsa, ni da ban iya roƙo ba. Na ce masa don girman Allah. Na ce masa don darajar iyayensa. Ko a jikinsa.

Wata dattijuwa ce mai kwandon kayan miya ta gaji. Ta ajiye kwandonta, ta sunkuya a ƙofar tsakiya, ta sa yatsu biyu a zoben gadar ta ja. Gada ta buɗe lafiya lau, ko ƙara ba ta yi ba. Na tura Mai Fanka ciki, ni da dattijuwar muka ɗaure keken, direba yana zaune.

Daidai nan 'yan sanda biyu suka iso. Ba su tambayi kowa komai ba. Ɗaya ya kama keken Yaya ta gaba, ɗaya ta baya, suka ɗaga ta sama da ita da keken kamar buhun gawayi, suka dangwarar a kan dakali. Na ji ƙarar tayar da ta bugu. Na yunƙura zan sauka, ta daka mini tsawa, "Auta, kada ki kuskura! Ku tafi!" Mota ta tashi. Ta gilashin baya na hango ta, ɗan sanda tsaye a kanta yana nuna ta da yatsa, ita kuwa tana ɗaga mana hannu tana dariya. Sai da muka yi nisa na ga wayarta tana hannuna.

Direban nan bai huce ba. Tafiya ya riƙa yi kamar mai rakiyar gawa. Kowace tasha sai ya tsaya, ko babu mai hawa babu mai sauka, ya buɗe ƙofa, ya jira, ya rufe. Da muka doshi asibiti na danna ƙararrawa, na sake dannawa, na yi magana da baki. Ya wuce tashar, sai a ta gaba ya tsaya, ya ce wai bai ji ba. Ni na buɗe gadar da kaina. Daga nan na turo Mai Fanka muka dawo baya, muka hau gangaren ƙofar asibiti, numfashina kamar zai ɗauke.

Nas ɗin da muka tarar ba ta da laifi, kuma ba ta yi mana rashin kunya ba. Ta ce an kira sunansa, an sake kira, ba a ji shi ba, an shiga da wani. Likita ba zai ƙara kowa ba yau, da ya fito zai kama hanya. Na ce mu jira shi, ko a ƙarshe ne. Ta shiga ta tambaya, ta fito tana girgiza kai. Sannan ta yi mana tambayar da ta ƙarasa ni, cikin taushin murya, da zuciya ɗaya: "Me ya hana ku fitowa da wuri?"

Ban san me na faɗa ba. Na dai san mutanen da ke kan benci duk sun juyo, mai gadi ya taso. Mai Fanka ne ya kama gefen mayafina da hannun hagu ya ce, "Auta, ya isa. Fitar da ni waje."

Bari in faɗa muku ƙarshen kafaɗar tun yanzu, don babu abin ɓoyewa. Sai bayan watanni likitan ya dawo. Ya sake ɗaukar hoto, ya daɗe yana kallo, ya ce jijiyar ta janye, babu abin da zai kamo ya ɗinke. Shagon fanka yanzu wani mai sayar da katin waya ne a ciki. Kullum da safe sai maƙwabcinsu ya shigo mun haɗu mun ɗaga Mai Fanka daga gado, shi kuma ya kau da kai yana kallon bango har mu gama. Na kai ƙara ofishin motocin, suka ce za su bincika. Direban nan har gobe yana layinmu da tsinkensa a baki.

Amma a ranar ba mu san duk wannan ba tukuna. Muna dai zaune a ƙarƙashin wata bishiya a bakin ƙofar asibiti, don ya ce ba zai motsa ba sai Yaya ta zo, kuma babu yadda za mu gaya mata. Na sayo masa ruwa ya ƙi sha. Inuwa ta matsa, muka matsa.

Rana ta karkata sannan muka hango ta a ƙasan gangaren. Tayar hagu ta lanƙwashe, keken yana tafiya yana ɗingishi, kowace turawa sai ta gyara shi da ƙarfi. Ɗankwalinta ya zame, jakar na nan a bayanta. Ta tsaya wurin mai gadi tana ba shi labari, muna jiyo muryarta tun daga nan, tana nuna yadda ta ja birki, tana dariya, tana cewa mijinta yana ciki ana yi masa aiki, wane ɗaki ake kai waɗanda suka fito. Ban taɓa ganin fuskarta da haske irin na lokacin ba. Mai gadin ya nuna mata bishiyar.

Ta juyo. Ta gan shi cikin farar rigarsa, babu bandeji, babu komai. Dariyar ba ta bar fuskarta nan take ba, sai da ta turo keken har gabanmu.

"Injiniya, har an gama?"

Ya ce, "Ba a fara ba."

Ta dube ni, na sunkuyar da kai. Sannan ta miƙa hannu baya ta jawo jakar, ta ɗora a cinya, ta fito da kular abincin. Tafukan hannunta duk sun saɓule da turin keke tun daga tasharmu, sun yi jajur, murfin ya ƙi buɗuwa. Na miƙa hannu zan karɓa, ta buge shi. Ta sa gefen zanenta ta murɗa har ya buɗe, ta ɗebo a cokali ta kai bakinsa.

"Ci," ta ce. "Tun jiya ba ka ci komai ba."